Ɗinkin da Ya Ƙi Farkewa

A garinmu Wirrabul, idan ka ambaci Glenys Tuckwell, kafin ka rufe baki wani zai ja ka ya nuna maka kujerar motarsa. Shekara arba'in da 'yan kai ta yi tana ɗinka wa kujerun motocin yankin nan riguna na buzun tumaki, a wani ɗan shago da ke tsakanin gidan burodi da ofishin 'yan kwana-kwana. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma taɓa nuna abin ya dame ta ba. Hannunta kuwa, in ta gaisa da kai sai ka duba yatsunka ka ga ko suna nan su biyar.

A wurin ubanta ta gaji sana'ar. Tsoho Clarrie baduku ne na sirdi da linzami, tun zamanin da ake kora tumaki a kan doki. Ba shi da yawan magana, amma a kan ɗinki ba shi da sauƙi ko kaɗan. Tana 'yar shekara goma sha huɗu ta ɗinka majayin sirdinta na farko, ta kawo masa da murnarta a gaban mai dokin. Clarrie ya take gefe ɗaya da ƙafa, ya kama ɗayan da hannu biyu, ya fizga, ɗinkin ya rabu gida biyu. Ya miƙa mata ya ce, "Da a kan doki ya yi haka, da yanzu ana neman masu ɗaukar gawa. Koma ki sake." Ta koma tana hawaye ta sake. Tun daga ranar ta sa wa ranta cewa ɗinkin da ya farke abin kunya ne, kuma ran mutum a hannun wanda ya yi masa ɗinki yake.

Da dawakai suka ja baya, babura suka karɓe musu aikin kiwo, Clarrie ya tsufa ya rasu, sai Glenys ta juya kan kujerun mota. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana a watan Janairu, wanda a nan shi ne tsakiyar zafi, ya dawo da gajeren wando ya zauna a kan kujerar leda, ba sai an yi masa bayanin dalilin da ya sa muke son buzu ba. Da zafi ba ya ƙona cinya, da sanyi ba ya daskarar da baya. Na kanti ma akwai, masu igiyar roba, amma wata shida sun zame sun tattare. Na Glenys daban ne. Zare mai kauri take amfani da shi, ta shafe shi da kakin zuma, ta bi layi biyu. A gefen da ke kallon ƙofa, inda mutum ke gogawa in zai shiga ko zai fita, sai ta ƙara siririn yankin fatar kangaru, don babu fatar da ta kai ta ƙarfi. Sannan ta ɗaure rigar ta ƙarƙashi tam, ko yatsa ba zai shiga tsakaninta da kujera ba.

Kuma tana da baki, wannan kam ba a magana. In masu askin tumaki suka shigo gari da ƙaton ƙwanjinsu, sai ta jefa wa ɗaya rigar kujera ta ce ya gwada farka ta. Ya ja, ya ja, har jijiyar wuyansa ta miƙe, ita kuwa tana tsaye ta riƙe ƙugu. "Ja mana, ƙato! Ko ba ka karya ba ne yau? In kira maka babarka ta taimaka?" Ba wanda ya taɓa farkawa. A bikin baje kolin amfanin gona na shekara-shekara har an daina ba ta lambar yabo, aka mai da ita alƙaliya don wasu ma su samu.

To, sai ga sababbin motoci sun fara shigowa, wajen farkon shekarun dubu biyu. Glenys ta lura da wani abu a kujerunsu na gaba. A gefen majingina, ɓangaren ƙofa, ɗinkin kamfani siriri ne, zaren kamar ka ja shi da farce ya tsinke, ga wani ɗan ƙyalle da rubutu yana leƙowa daga ciki. Ta yi tsaki ta ce yanzu masu ƙera mota har zare suke rowa. Ta rufe wurin da buzunta da fatar kangarunta, tana jin ta yi wa mai motar alheri.

Akwai wani ɗan birni da ke kawo mata zare da allurai sau biyu a shekara, mutum mai ladabi, kullum da wuyan riga a ɗaure. Wata rana ya ajiye mata wani zare fari siriri a kan tebur, ya ce, "Madam Tuckwell, wannan na gefen kujerun sababbin motoci ne. Akwai jakar iska a cikin majinginar. In aka bugi mota ta gefe, ta wurin ɗinkin nan take fitowa, saboda haka dole ɗinkin ya zama mai saurin tsinkewa."

Ta ɗauki zaren, ta naɗa a yatsu biyu, ta ja, ya tsinke. "Wannan zare ne ko furfurar kakarka?"

"Da gangan aka yi shi haka, Madam."

"Da gangan! Jakar iska a sitiyari take, ko yaron goye ya sani. Yanzu kuma ta koma cikin kujera? Gobe sai ku ce akwai wata a madubi, ku kawo mini allurarta. Ni za ka koya wa ɗinki? Ina riƙe da basilla tun ba a haife ka ba."

Bawan Allah ya yi murmushin yaƙe, ya bar mata wata takarda mai zane-zane ya ce ta duba in ta samu hali. A kan takardar nan ta riƙa ɗora butar shayi har ta yi baƙi ta jefar. Ina so a riƙe wannan wuri da kyau, don daga baya wasu masu son rufa mata asiri sun yi ta cewa ai ba ta sani ba ne. Ƙarya suke. An gaya mata ido da ido, ita ta ƙi ji, kuma ita kanta ba ta taɓa yarda a ce ba ta sani ba.

Aminiyarta ɗaya ce a duniya, Raelene Kruger. Tun ajin farko na firamare suke benci ɗaya. Raelene ita ce mai raba wasiƙu a gonaki, kwana uku a mako tana zagaya kusan kilomita ɗari uku, ta kai wa wannan wasiƙa, ta kai wa wancan magani daga kemis, ta tsaya ta ji lafiyar tsofaffin da ba mai leƙa su. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya, Bronwyn, tana aure a garin gaba. Da Raelene ta sayi sabuwar mota don wannan aiki, Glenys ta zaɓi buzu biyu mafi laushi a shagonta, ta zauna kwana huɗu a kansu, ta kai mata kyauta. Raelene ta shafa ta ce, "Glen, tsohuwar banza, ashe kina sona haka?" Glenys ta ce ba don ita ta yi ba, don kujerar ta yi, tausayin abin da za ta riƙa ɗauka take ji.

Shekara guda da rabi bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin alkama, Raelene ta iso mararrabar da ke bayan rumbunan hatsi. Hanya tata ce. Wani mai a-kori-kura da ke sauri ya kai wa injin girbi kayan gyara bai tsaya ba, ya shigo ya ɗora mata a daidai ƙofar direba. Haƙarƙarinta shida suka karye, ɗaya ya huda huhu, kafaɗar dama ta ragargaje. Da jirgi mai saukar ungulu aka kai ta asibitin birni. Ta rayu, amma likitoci suka ce hannun ba zai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Aikin wasiƙa kuma ya ƙare ke nan.

Kwana goma da hatsarin, Nev Pohlner ya buga wa Glenys waya. Nev shi ne mai janwe, motar jan motocin da suka lalace, a garin, kuma shi ke da filin matattun motoci a bayan tashar jirgin ƙasa. Ya ce ta zo ta ga wani abu, kuma ta zo ita kaɗai.

Ta tarar ya cire kujerar direban daga motar Raelene ya ajiye a kan benci. Ƙofar tana gefe, ta lanƙwashe ciki. Buzun ya yi kaca-kaca da jini da garin gilashi, amma yana nan daram a jikin kujerar. Nev ya juya ta ya nuna mata bayan majinginar. Soson ya tarwatse, wani farin ƙyalle ya yamutse ya leƙo ta baya, ta ɓangaren da ba kowa.

"Mene ne wannan?" in ji ta. Amma kafin ya buɗe baki ta riga ta sani.

Nev ya cire hula ya sosa kai. "Glen, in aka bugi mota ta gaba, akwai inji, akwai ƙarfe kusan tsawon mutum da zai lanƙwashe kafin abin ya iso gare ka. Ta gefe fa? Ƙofa ce kawai. Tsakaninta da haƙarƙarinki bai fi taƙi ɗaya ba. Shi ya sa suka sa jakar a nan, a cikin kujera, kusa da jiki. Kafin ki ƙifta ido ya kamata ta tsinke ɗinki, ta fito, ta shiga tsakanin mutum da ƙofa." Ya ɗora yatsa a kan fatar kangarun. "Ta tashi, ba ta yi nawa ba. Ta tsinke na kamfani. Ta zo nan ta rasa hanya, sai ta fasa ta baya."

Glenys ta sa hannu ta bi layin ɗinkinta daga sama har ƙasa. Ko ɗigo ɗaya bai saki ba. Ta nemi wata tsohuwar taya ta zauna. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa sanin akwai ta ba, har ta kasa ɗaga ido ta kalli Nev, mutumin da ta sani tun yana yawo ba takalmi.

"Da ta fito, da hannun ya tsira?"

"Ba zan rantse miki ba. Bugun ba na wasa ba ne. Wataƙila da haƙarƙari biyu ne maimakon shida, wataƙila da kafaɗar ta sha. Allah kaɗai ya sani." Ya mai da hularsa. "'Yan sanda sun gama nasu, laifin mai a-kori-kura ne, ba wanda ya leƙa bayan kujera. Ranar Alhamis za a zo a matse motar. Ni ba zan gaya wa kowa ba, ba maganata ba ce. Abu ɗaya kawai zan tambaye ki. Motoci nawa kika yi wa irin wannan?"

Ba ta sani ba. Glenys ba ta taɓa rubuta sunan mai kawo aiki ba, a kanta take riƙe komai. Ta lissafa a zuci, sababbin motocin da suka bi ta hannunta a shekara biyar za su kai arba'in, kuma dukansu suna kan hanya a wannan lokacin da take zaune a kan taya.

Abin da ya kamata ta yi a fili yake. Ta je ta gaya wa Raelene, ta tashi ta gaya wa gari, kowa ya kawo motarsa. Ba ta yi ba. Matar da ke tsare ƙattin masu aski tana musu tsiya, sai ga ta tana neman hanyar bayan gida. Ta yi odar siririn zaren daga wani kamfani daban, don kada ta haɗa ido da ɗan birnin nan. Ta liƙa takarda a ƙofar shago wai duk wanda ya kawo buzunsa za ta wanke masa ta taje. Wanda ya kawo, sai ta kulle ƙofa, ta farke gefen, ta cire fatar, ta mai da da siririn zare, ta miƙa masa ba ta ce komai ba. Mutum shida suka zo a wata biyu. Sauran suka ce me za a wanke, ai kamar jiya aka ɗinka. Cikin shidan ma ɗaya ya dawo bayan mako biyu, ɗinkin ya buɗe, don hannunta bai saba da zaren ba. Ya ce, "Haba Glenys, tsufa ya fara taɓa hannun nan ne?" Ta haɗiye ta ce e, tsufa ne.

Asibiti kuwa sau ɗaya ta je, da ƙyar, bayan Bronwyn ta yi ta kira tana cewa, "Anti Glenys, Mama fa kullum sai ta tambaye ki." Ta tarar da Raelene a jingine da matasai, ta rame, amma bakin yana nan. Tana ganinta ta ƙwala wa ma'aikaciyar jinya kira. "Ga ta nan! Ga matar da nake ba ku labari!" Ta zaro wani hoto daga ƙarƙashin matashi da hannun hagu. Bronwyn ce ta ɗauka a wurin hatsarin kafin Nev ya ja motar. "Duba nan, Glen. Ƙarfe ya lanƙwashe, gilashi ya zama gari, ni kaina na karye gida shida, amma aikinki ko gezau. Na ce musu da ke kika ƙera motar gaba ɗaya, da a-kori-kurar ce a kwance a gadon nan."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Glenys ma ta buɗe haƙora. Ta yi minti ashirin ta ce ta bar tukunya a wuta, a garin da ke nesa da awa uku. A hanyar dawowa sau biyu tana tsayawa a gefen titi.

Labarin hoton nan ya zaga gari, ya zaga gonaki. Mutane suka riƙa zuwa shago suna cewa a yi musu irin na Raelene, wanda ya gagari a-kori-kura. Kowane yabo kamar an watsa mata ruwan zafi take jin sa. Ta daina zuwa coci, ta daina shiga gidan burodi sai in ba kowa. Ranar Juma'a takan dafa miyar naman tunkiya ta ajiye a ƙofar Raelene, wadda ta riga ta dawo gida, ta ƙwanƙwasa ta wuce kafin a buɗe.

Ranar wata Juma'a Raelene ta riga ta, ta buɗe ƙofa tun tana kan matakala. "Ke, ɓarauniya ce ke da kike ajiye abu ki gudu? Shigo nan."

Suka zauna a kicin. Raelene ta ɗauki butar shayi da hagu, rabi a kofi rabi a faranti, ta ƙi yarda a karɓa mata. Ta yi ta surutu, sannan ta zo kan abin da take so. Bronwyn na da ciki na biyu, sun sayi sabuwar mota. "Ki yi mata irin nawa sak, Glen. Da fatar nan ta gefe, da komai. Ina so in san 'yata tana zaune a kan abu mai ƙarfi."

Glenys ta ce to. Wallahi to ta ce. A ranta ta riga ta shirya, za ta yi da siririn zare, ta lulluɓe da gashi, ba mai ganewa, Bronwyn ta tsira, ita ma ta tsira. Ta shanye shayinta, ta yi sallama, ta fita har bakin shinge. Ta kama ƙyauren shingen ta tsaya. Ta taga tana hango Raelene tana ƙoƙarin mai da gwangwanin sukari kan kanta, ta ɗaga da dama ya ƙi, ta sauya hagu, ta yi ɗage, gwangwanin ya suɓuce. Matar nan ta tsaya tana kallon sukarin a ƙasa. Glenys ta saki ƙyauren ta koma.

Ba ta zauna ba. Daga bakin ƙofar kicin ta faɗa, idonta a kan sukarin. Ta faɗi jakar da ke cikin kujera, da yadda ta fasa ta baya. Ta faɗi ɗan birnin da zarensa, da abin da ta ce masa, da takardar da ta ɗora wa buta. Ta faɗi cewa wata biyar ke nan da ta sani, ta sani ranar da ta je asibiti aka nuna hoto aka yi dariya. Ba ta rage komai ba, ko maganar Nev cewa ba shi da tabbas ba ta kawo ba, don ta ga kamar neman sauƙi ne.

Da Raelene ta buɗe baki, muryar a ƙasa take. "Ba ɗinkin ne ya fi ci mini rai ba. Kin bar ni ina yawo da hoton nan ina yi miki talla. Mutum nawa na turo miki?"

"Rae..."

"Kada ki ce mini Rae. Motoci nawa ne a waje?"

"Wajen talatin da biyar. Ban san inda wasu suke ba."

"Wata biyar, Glenys. Mata da yara a ciki, ke kuma kina dafa mini miya." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Fita mini daga gida."

Kwana uku ba labari. Ranar Talata da safe waya ta yi ƙara a shago. Raelene ce. "Ki cika tanki, ki ɗauko wuƙarki, ki zo ki ɗauke ni ƙarfe takwas." Ta kashe.

Raelene ta fito da takarda a hannu, rubutun hagu, a karkace. Shekara ashirin da biyu tana shiga kowace gona a yankin nan, ta san motar da ke ƙarƙashin kowace rumfa, ta san wadda ke da buzu, ta san wanda ya ba ɗansa tasa ya tafi makaranta da ita. Suna talatin da takwas ta rubuta. Ta shiga ta zauna, ta ja bel da hagu da kanta, Glenys ta kai hannu za ta taimaka ta ce kada ta taɓa ta. A hanya ba ta ce komai ba sai hagu, dama, miƙe.

A gonar farko maigidan ya fito yana goge hannu da tsumma, yana washe baki. "A'a, manyan baƙi! Mai wasiƙa da mai ɗinkin da ya kayar da a-kori-kura!" Glenys ta waiwaya. Raelene na zaune a mota, gilashi a rufe, tana kallon gaba. Ba za ta fito ba, ba za ta sassauta mata da kalma ɗaya ba. Glenys ta tsaya a tsakar gidan mutum, a gaban matarsa da karnukansa, ta faɗa da bakinta. Ta ga yadda murmushin ya bar fuskarsa. Sannan ta durƙusa a ƙofar motarsa ta sa wuƙa a ɗinkinta, kuma sai da ta yi gumi kafin ya yanku.

Mako bakwai suka yi suna wannan zagaye. Wani ya zage ta, wata ta yi kuka don da motar take kai jikokinta makaranta, wani tsoho ya ce shi ba a taɓa masa buzu, sai da Raelene ta sauke gilashi ta ɗaga masa hannun dama iya inda yake tsayawa. Da yawa sun ce ba komai, ai kuskure ne, kuma wannan ya fi zagin yi mata ciwo. Da suka gama gona ta ƙarshe, Raelene ta sauka a ƙofar gidanta ta ce, "Sai an jima," ta shige. Suna gaisawa har yau in sun haɗu a kemis. Ba ta taɓa cewa ta yafe ba, Glenys kuma ba ta taɓa samun fuskar roƙa ba.

Talatin da biyar suka samu. Uku an sayar da su, an sake sayarwa, sun bi duniya. Glenys ta sa cigiya a jarida sau da yawa, ba wanda ya amsa. Ta rufe shagon da daɗewa, yanzu ta haura saba'in da biyar, gwiwa ta fara ba ta wahala. Mutane suna ce mata ta kwantar da hankalinta, motocin nan sun tsufa, buzun ma ya isa ya mutu. Sai ta girgiza kai. Ta san aikinta, ba ya mutuwa da wuri.

Saboda haka duk garin da ta shiga, ba ta wuce wurin ajiye motoci. Layi-layi take bi da sandarta, tana kare ido da hannu tana leƙa gilashi. Sau biyu masu gadi suna tare ta. A bara, a wani babban kanti a birni, ta je ganin likitan gwiwa, ta leƙa wata tsohuwar mota shuɗiya ta ga layi biyu na zare mai kaki da siririn yankin fata a gefen ƙofa. Gashin buzun ya kwanta ya yi ruwan ƙasa, ɗinkin yana nan yadda ta bar shi. A kujerar baya akwai ɗan kujerar jariri.

Ta bar likitan ya jira. Awa biyu da rabi ta yi a tsaye a rana, a jingine da motar, kafin wata yarinya ta fito tana tura keken sayayya, da jariri a ƙirji. Yarinyar ta ja ta tsaya, ta ƙanƙame ɗanta, tana kallon tsohuwar da ta tsare mata ƙofa.

Glenys ta gyara tsayuwa, ta cire hular rana.

"Sannu, 'yata, kada ki ji tsoro. Sunana Glenys Tuckwell. Ni na ɗinka abin da ke kan kujerarki, kuma in aka buge ki ta gefe zai iya kashe ki. An gaya mini tun kafin in ɗinka, na ƙi ji. Ki yi haƙuri ki buɗe mini ƙofar."